Malam Ja'afaru Bakanike da Masallacin Bakin Ƙorama

Haihuwa da karatu

A shekara ta 1376 bayan Hijira (1957) aka haifi Ja'afaru a unguwar Mansur ta birnin Makka, a gidan Malam Dawuda Bakano da matarsa Asiya, waɗanda suka zo aikin Hajji ta Sudan, zama ya yi daɗi, ba su koma ba. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, ya kuma yi makarantar gwamnati, inda malamai suka shaide shi da ladabi da kuma kwance duk wani abu mai noti.

Sana'a da iyali

A 1393 (1973) ya shiga koyon kanikanci a unguwar Kudai, daga bisani ya buɗe garejinsa, ya yi suna wajen gyaran jif, motocin nan da samari ke keta rairayi da duwatsu da su. Ya auri Fatsuma a 1400 (1980), mace mai haƙuri, wadda ta yi shekaru tana yaƙi da baƙin mai a rigunansa ba ta taɓa yin nasara ba.

Al'amarin ƙorama

Al'adar mutanen Makka ce idan an yi ruwa su fita kashta, wato shan iska a bayan gari da shimfiɗa da shayi. Shi da iyalinsa sukan je wani kwari kudu da gari, inda wata 'yar ƙorama ke gudana da kwaɗinta da ƙananan kifayenta. A 1431 (2010) ya tarar tayoyin motocin samari sun farfashe gaɓarta, ruwan ya baje cikin yashi, ɗan abin da ya saura kuma baƙin mai na yawo a kansa. Abin ya yi masa ciwo matuƙa, balle da ya gane rabin motocin shi ya gyara su da hannunsa.

Ya yi ta nasiha, samari su ce "Abshir ya ammi," wato "Kwantar da hankalinka baffa, an daina," Juma'a na zagayowa su koma. Ya kafa allon gargaɗi, aka mayar da shi wurin shanya kaya.

Mashigar kwarin matsattsiya ce tsakanin duwatsu biyu, mota ɗaya take ci. A 1433 (2012) ya jera ƙananan duwatsu daga wannan gefe zuwa wancan, ya fitar da alƙibla kamar yadda makiyaya ke yin masallaci a daji, ya share, ya ajiye buta da kayan shayi. Saurayi kuwa, komai rashin jinsa, ba ya taka masallaci da taya. Nawaf, wanda ya fi kowa ɓarna a cikinsu, ya taka birki ya ce, "Ya ammi, duk faɗin ƙasar Allah sai a kan hanya?" Malam Ja'afaru ya ce, "Tafaddal ya waladi, bismillah ɗana, sauko mu yi La'asar, ga shayi. Ƙafa ma tana kai mutum bakin ruwa." Nawaf ya sauko yana ƙunƙuni, ya sha kofi uku.

Shekarun ƙarshe

Sannu a hankali gaɓar ta warke, ciyawa ta fito, kwaɗi suka dawo da ƙarfinsu, har in yana limancin Magariba da ƙyar ake jin karatunsa, shi kuwa murna yake yi. Damuwarsa guda ce: masallacin da ba a salla a cikinsa duwatsu ne kawai, ranar da ya daina zuwa wani zai kawar da su. A 1444 (2023) ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ya daina zuwa, ya kuma hana a ba shi labarin wurin don tsoron abin da zai ji.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Rajab na 1445 (Janairu 2024). An sallace shi a Harami, aka binne shi a maƙabartar Shara'i. Wajen ta'aziyya ne iyalinsa suka ji cewa tun da ya kwanta ba a taɓa fasa La'asar a masallacin ba, motoci na jere a waje, Nawaf ne liman. Ya bar matarsa Fatsuma da 'ya'ya huɗu: Turki, Hatim, Wafa da Mubina. Allah ya jiƙansa, ya rasu bai san ƙoramarsa tana nan tana gudana ba.