Jirgin Mutawakilu Mai Tashi Taƙi Ɗaya

Mutawakilu mai gyaran fanka ne a unguwar Maamobi, kuma jirage ta saman shagonsa suke bi in za su sauka. Lokacin da yake neman auren Mubarika mai koko, baki ya kwashe shi ya ce wata rana sai ya sa ta a jirgin sama. Ta haifa masa yara, furfura ta fito, ba ta manta ba. Duk jirgin da ya wuce sai ta ɗaga ludayi ta nuna masa.

Shi kuwa ya daɗe yana leƙen filin jirgi ta shinge. Ya lura in jirgi ya kusa taɓa ƙasa yakan ɗan yi ta shawagi, iskar da ta matse ƙarƙashin fiffike tana riƙe da shi. Ya ce to, wannan ɗan tashin ya fi ƙarfin wa? Ya kwaso kwanon rufi da tayoyin keke daga wajen 'yan gwangwan na Old Fadama, ya ƙera abu mai faɗin fiffike, da kujerar roba a tsakiya.

Wata Lahadi aka kai shi bakin teku, inda yashi ya daddale. Garuba, abokinsa mai babur, ya ɗaura igiya zai ja. Mubarika ta yi addu'ar tafiya, ta zauna da kofin koko a cinya, wai ba a tafiya da yunwa. Matan layinsu har rakiya suka yi mata, yadda ake yi wa mai zuwa Makka.

Babur ya ja, abin ya yi ƙara, ya tashi taƙi ɗaya. Ya tafi a haka har wajen kwale-kwalen masunta, ya dira.

"Wannan ba jirgin sama ba ne," in ji Garuba. "Kazar gidanmu ta fi shi nisa da ƙasa. Motar haya ce kawai, trotro, ta ɗaga ƙafa."

"Tayarsa ta taɓa yashi?"

"Ba ta taɓa ba, amma in ka raba shi da ƙasa faɗowa zai yi."

Mutawakilu bai musa ba, don gaskiya ce. Ya juya wajen matarsa, hula a hannu, tunda alkawarin nata ne.

Mubarika ta miƙa wa Garuba kofin. "Duba zanena. A trotro, kafin Kotobabi rabin kokon nan yana jikina. Yau da ƙasa ta sake ni, ko motsi bai yi ba." Ta gyara mayafi. "Maigida, ka fita, ka cika alkawari. Kai kuma Garuba, haka ake tarbar matafiyi a gidanku?"

Garuba ya sosa ƙeya. "Barka da sauka, Mma."

"Yawwa. Mun sha hanya."

Jirgin yanzu rumfa ne a kan tukunyar kokonta. In wani ya wuce a sama, ba ta ɗaga ludayi, sai dai ta ce wa masu saye, "Can sama sanyi ya yi yawa. Namu ya fi."