Mai Sharar Daji

Baba Tsintsiya ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sharar barandar wani ofishi, har bayansa ya lanƙwashe. Da gwiwoyi suka fara ƙin hawa bene, aka ce a tausaya masa, aka mai da shi gadin wani daji a bayan gari. Dajin ma ba a kai ga kiransa daji ba tukuna. An taɓa sassare shi ƙarƙaf, kututturan ne suka sake toho, aka kewaye su da waya ana jiran su zama itatuwa. Aka raba wurin biyu, gabas nasa, yamma na abokin aikinsa da ake kira Sarkin Barci, kuma ba a yi masa ƙazafi ba.

Itatuwan irin masu kaɗe ganye ne da rani. To, mutumin da ya tsufa yana farautar guntun takarda da tsintsiya, ina zai iya zuba ido ganye ya rufe ƙasa? Da sassafe yake farawa, ya share, ya tara, ya loda a baro, ya tura can bayan waya ya cinna wuta. Ya koma gida da tari da jajayen idanu, matarsa ta gasa masa ƙugu da ruwan zafi tana mita.

"Malam, wa ya aike ka sharar daji? Saura ka bi shi da tsumma."

"Ke dai bari. Ranar da manya za su zo, za a ga wanda ya yi aiki."

Abin da yake jira ke nan. Ritaya ta matso, kuma duk shekarun baranda ba wanda ya taɓa ce masa sannu. So yake kafin ya tafi a tsaya a ɓangarensa a ce madalla.

Amma itatuwansa suka ƙi. Ganye ya riƙa fitowa ƙanana, rawaya-rawaya, rassa sirara. Ya ɗauka ƙazanta ce ke cin su, ya ƙara ƙaimi wajen shara.

Manya ba su zo ba. Wata malama aka turo daga ɗakin gwaje-gwaje, ta tsinki ganye, ta ɓamɓari ɓawo, ta ɗebi ƙasa a ɓangarorin biyu. Bayan makonni ta dawo ta same shi riƙe da baro. Ta rusuna ta gaishe shi, ta daɗe tana kallon ƙasar da ke fes kamar tsakar ɗaki.

"Baba, ina ganyen da ke zuba?"

"Na ƙone shi, 'yata," ya ce yana murmushi. "Ki duba ko'ina, ba za ki tsinci ko ɗaya ba."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, akwai abubuwan da bishiya ke buƙata ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya, irin su ƙarfe da tutiya da tagulla. Da ƙyar saiwa ke zaƙulo su daga ƙasa, bishiyar ta ajiye a ganye da ɓawo. In ganyen ya faɗi ya ruɓe, sai ta sake sha. Wurin da aka taɓa sassarewa kusan ba shi da wata ajiya sai wannan."

Murmushin ya ɓace. "Na yamma fa?"

"Lafiyarsu ƙalau."

"To nawa fa, za su farfaɗo?"

"Za su farfaɗo in an bar musu ganyensu. Amma sai a hankali, Baba. Abin shekaru ne."

Shekarun da ba shi da su a wurin ke nan. Gajiyar da ya daɗe yana dannewa ta sauko masa gaba ɗaya, ya zauna a gefen baron har malamar ta tafi.

Da la'asar ya tura baron yamma, ƙafafunsa na nutsewa cikin busasshen ganye. Sarkin Barci na miƙe a kan benci, ya ɗaga hular da ya rufe fuska da ita.

"Yaya, lafiya?"

"Roƙo na zo yi. Ka sam min ganye, ko cikin baro ɗaya, in kai wa nawa."

Sarkin Barci ya tashi zaune, ya sosa ƙeya, ya kasa haɗa ido da shi.

"Wallahi, Yaya, da na ba ka. Malamar ta ce kada a taɓa ko ɗaya."

Baba Tsintsiya ya gyaɗa kai, ya juya baron, ya tura shi wayam.