Na Je Mamobi In Warware Sa Hannuna

Litinin: Kumasi zuwa Akra

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gidan 'yata Zainabu a Zangon Kumasi, inda nake zaune tun da ƙafa ta fara ba ni wahala. Mota ta tashi biyar da kwata. Tafiyar kusan kilomita ɗari biyu da hamsin ce, ban runtsa ko sau ɗaya ba.

Ga abin da ya tashe ni. Can baya ni ne shugaban kwamitin iyaye na wata makarantar Islamiyya a unguwar Mamobi, cikin Akra. Da gwamnati ta karɓi makarantar ta turo malaman boko, na ji daɗi, har yau kuma ina ganin alheri ne. Amma hedimasta na lokacin ya kawo mini takarda cewa iyaye sun yarda shi ne zai riƙa naɗa 'yan kwamiti, a daina zaɓe. Ban tara iyaye ba. Bayan sallar Juma'a na faɗi maganar a ƙofar masallaci, liman ya yi addu'a, aka shafa Fatiha, kowa ya nemi takalminsa. A wurinmu in dattijo ya yi magana aka shafa, an gama. Na sa hannu. Mata, waɗanda su ne ke kai yaran, ko labari ba su ji ba.

Yanzu an ɗage darasin Larabci daga safe zuwa bayan tashi, lokacin da rabin yara sun tafi taya iyayensu a Kasuwar Malam Atta. Iyaye suka kai kuka, aka nuna musu sa hannuna.

A Nkawkaw 'yan sanda suka tsayar da mu minti ashirin. Direba, wani Bazabarme mai barkwanci, ya ga ina ta duba agogo.

"Baba, amarya ce ke jiranka?"

"Da amarya ce da na fi samun sauƙi."

"To kotu ce!"

"Ta fi kotu. Matan kasuwa ne."

Ya ce, "Allah ya ji ƙanka tun kana raye."

Mun isa tashar Circle a Akra sha ɗaya da rabi. Na hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa Mamobi, na sauka gidan ƙanena Alhaji Sule. Aka kawo wake da shinkafa, na ci loma uku na ture.

Talata: Kasuwa da ofis

Ƙarfe bakwai na sami Hajiya Ramatu mai sayar da albasa, wadda ta kira ni a waya. Jikokinta huɗu suna makarantar. Ta amsa gaisuwa, ba ta ba ni kujera ba.

"Alhaji, ka tsufa."

"Ke ma, Hajiya."

"Ni albasa ce ta sa ni hawaye. Kai kuwa?"

Na ce na zo in faɗi gaskiya. Ta rufe kayanta da buhu, muka kama hanya.

Tara da rabi muna ofishin ilimi. Muka jira awa biyu a kan benci, ina tashi ina zama. Jami'ar da ta saurare mu ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta taso a Nima, maƙwabciyar Mamobi, tana jin Hausa. Na ba ta labarin takardar, na ce mata, "Ranki ya daɗe, takardar nan ƙarya ce, kuma ni na yi ta. Ba a yi taro ba, ba a ƙirga hannu ba."

Ta dube ni da kyau. Ta ce, "Baba, ka san abin da kake faɗa a kanka?"

"Shekara da shekaru na san shi."

Ta sa na maimaita, aka rubuta, na sa hannu. Sannan ta juya wurin Hajiya.

"Mama, ki ji. Awannin lissafi da Turanci ba a taɓa su, jarrabawa ɗaya yaran ƙasar nan ke yi. Malamai mu ke turo su. Amma kwamiti naku ne. Ku zaɓa ranar Asabar, su zauna da hedimasta a kan lokacin Larabci."

Hajiya ta ce, "In ya ƙi fa?"

"Ku dawo. Ban yi miki alkawarin za ku samu duka ba."

Laraba: Komawa

Na so in tsaya har Asabar. Da safe na je na faɗa wa Hajiya. Wannan karon ta turo mini kujera, ta sa aka kawo koko da ƙosai.

"Alhaji, ka tafi gida."

"Ina so in ga an ɗaga hannu."

"In kana zaune a wurin, fuskarka za su duba kafin su ɗaga. Ni kaina haka zan yi."

Na shanye kokona, na yi mata sallama. Ƙarfe goma na hau mota a Circle, na sayi burodi a Nsawam don jikoki, biyar na yamma na shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Alhaji Sule da iyalinsa, da jami'ar nan da ta yi haƙuri da tsoho. Hajiya Ramatu kuwa, godiyarta daban ce. Yau Juma'a. Gobe za su zaɓa, ban san wa za su zaɓa ba, kuma ba wanda ya tambaye ni.