Tayin da Na Yi wa Baba

Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, Baba ya ci zaɓen majalisar dokokin jiharmu. Mai kantin yadi ne, kuma ko da ya zama Onarabul bai daina zama a bakin kantin da almakashi a aljihu ba. Ra'ayinsa na mazan jiya ne, ba ya ɓoyewa. Abin da ya tarar iyayensa suna yi shi ne daidai, sauran duk sai an bincika.

To, rannan ya tashi a zauren majalisa ya ce bai ga dalilin tura 'yan mata karatu ƙasar waje ba. Wani ɗan adawa, Allah ya shirye shi, ya miƙe ya tambaye shi ina tasa 'yar take. Ni ce 'yar. Ina Landan, a flat ɗin Yayana likita a Lewisham. Taya matarsa reno ya kawo ni, na ɓige da shiga makaranta, har na sami gurbin karatun ungozoma. An ce majalisa ta yi ta dariya sai da kakaki ya tsawatar.

Ba a jima ba sai ga Baba. Lokacin kuɗin mai ne, mutum ko mura ta dame shi sai ya hau jirgi, don haka ya ce wa mutane idonsa zai kai a duba. Mu dai mun san idon nan lafiyarsa ƙalau. Ya sauka da babbar riga, suwaita biyu a ciki, ko ruwa bai sha ba ya ce Yaya ya yi mini booking ɗin jirgi, tare za mu koma. Yaya, duk da cika bakinsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Haushi kamar ya kashe ni.

Ranar Juma'a na raka shi masallacin Regent's Park. A tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, bai bar rigar kowa ba, yana raɗa mini: wannan ulu ne na gaske, wancan kuwa an cuce shi. Bayan salla muka zauna a benci, yana jefa wa agwagi burodi, yana mamakin yadda aka bar su suka yi ƙiba haka ba wanda ya yanka. Na ga yana cikin nishaɗi, sai na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa na ce, "Baba, don Allah a bar ni in yi karatun nan."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Albarka."

Idona ya ciko. A kanti na tashi, na san wannan albarkar ba ta sa albarka ba ce, an ƙi tayina ne. Har na fara share hawaye sai na tsaya. Kai! Kayan da Baba ba ya son rabuwa da su, cewa yake yi ba na sayarwa ba ne, ya mayar da su mazauninsu. Albarka kuwa, wanda ake so ya ƙara ake gaya wa.

Na gyara zama. Na ce a gidan Yaya zan zauna, ba ni ba ɗakin ɗalibai.

"Albarka."

Na ce lulluɓina ba zai sauka daga kaina ba.

"Wannan ai dole ne, ba tayi ba ne."

Na ga gefen bakinsa yana motsi. Ashe mutumin nan daɗi yake ji! Sai na ce ran da na gama, ba Kaduna ba Legas, asibitin garinmu zan koma, matan mazaɓarsa su sami mace mai karɓar haihuwarsu.

"Wato don kada maza su riƙa duba matan mutane," ya ce a hankali, yana gwada yadda maganar za ta zauna a kunnen majalisa. Na ce ƙwarai kuwa.

"Na sallama."

Na zabura zan yi godiya, sai na ga ya cire tabarau yana goge ido da hannun riga. Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kirana da shi ba.

"Uwata," ya ce, "da na san za ki iya kai tayin nan, da tun farko na ce ba na sayarwa ba ne. 'Yan majalisa su yi ta dariyarsu, ba su suka taso ni ba. Gidan ne ba daɗi tun da kika tafi."

Na tashi daga ciyawar, na koma bencin na zauna kusa da shi.