Dokar da Holger Bai Rubuta Ba

Holger Priebe bai taɓa barin wani ya karanta takardar dokokin wasa a gidansa ba. Da zarar an buɗe sabon kwali, sai ya zare takardar ya danne ta da cinyarsa, ya gyara murya ya ce, "Ku saurara, abu ne mai sauƙi." Daga nan har kofi ya huce bai gama bayani ba. Marlies, ƙanwar matarsa, ita ta sa masa suna Rediyo, sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen ransa.

A tashar jiragen ruwa ta Wismar muka san juna. Ni ina walda a ƙasa, shi yana tuƙa injin ɗaga kaya, can sama cikin wani ɗan keji, shi kaɗai daga safe har yamma. Ina jin shirun wurin nan ne yake ramawa in ya sauko. Ran da ya fara gayyata ta gidansa wasan Lahadi, na ce masa ni ba na caca. Ya yi dariya har da tari.

"Caca? Tanimu, a gidana ko yankan kek na biyu sai Gudrun ta sa hannu. Zo kawai."

Gudrun matarsa ce. Na je, kuma tun daga ranar teburin kicin ɗinsu ya zama nawa duk Lahadi da la'asar. Mu huɗu ne, kowa da launinsa da ba ya canzawa ko wane wasa aka buɗe. Gudrun ja, Marlies shuɗi, ni kore, Holger rawaya. A kan tebur ba ya kiran kowa da suna. "Kore, kai ake jira, ko barci kake?" In baƙo ya zo ya miƙa hannu kan rawaya, Holger zai yi ta kallon hannun har mutum ya tsargu ya ajiye.

Yana da wasa ɗaya da ya ƙirƙira da kansa, ya yi shekaru yana gyara shi. Kowa yana da jirginsa a bakin tasha, kaya suna isowa, ƙugiyar ɗaukar kaya kuwa guda ce tak a tsakiyar allon. Mai riƙe da ita shi yake fara zaɓen kayan da yake so, sannan ta wuce hannun hagu. Jiragen daga sandar tsintsiya ya sassaƙa su, ya shafa musu ragowar fentin tasha. Ƙugiyar ni na yi masa ita da guntun ƙarfe. Akwai kuma katunan da ake ja, cikinsu har da na guguwa, wanda in ya fito kowa sai ya yi asarar wani abu. Duk sanda ya fito, Holger yakan tura ƙugiyar gaban wanda aka bari a baya, ya ce, "Ungo, kada ka yi mana kuka." Yawanci Marlies ce. Takan ce, "Riƙe sadakarka, Rediyo," ta kuma karɓa.

Kowace Oktoba muna zuwa Essen, babban bajekolin wasannin tebur. Holger tun sanyi bai gama wucewa ba yake fara shiri. Ya kira tsohuwar da muke sauka gidanta a Mülheim ya tuna mata da mu, ya duba jirgin ƙasa, ya sa kowa ya fara taka sabon takalminsa tun da wuri don kada ya ci ƙafa a can. Burodi da cuku daga gida, don ya ce ba zai tsaya layin abinci ba alhali ana wasa. Kowa kuma da akwati mai taya, ba komai a ciki, mu dawo da shi cike da kwalaye.

A can akwai wani lungu inda masu ƙirƙirar wasa a gida suke ɗaukar tebur su ajiye abin da suka yi. Suna da wata al'ada. Wasa bai kammala ba sai baƙin da ba su san ka ba sun zauna, sun karanta takardarka, sun buga da kansu, kai kuma kana gefe bakinka a rufe. Ko sun yi kuskure ba ka magana. Ka kalla kawai, in sun tashi ka gyara takardarka. Duk shekara sai Holger ya tsaya a lungun nan hannu a baya, ya ce, "Baɗi." Marlies ta ce, "Kai? Shiru? Sai dai a ɗinke."

Wasansa ba shi da takarda. Dokokin duk a bakinsa suke.

A bazarar bara muryarsa ta fara dishewa. Ya ce mura ce. Da ta ƙi tafiya, Gudrun ta ja shi asibiti, aka ce sankara ce a maƙogwaro, kuma ta riga ta sauka ƙirji. Lahadin da ya biyo baya na je ina tunanin ba za a yi wasa ba. Na tarar ya shimfiɗa allonsa, kek ɗin tuffa a gefe, da wasu takardu da ya rubuta da hannu.

Ya ce, da wannan murya da ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa, "Na kama tebur a Essen. Bana."

Gudrun ta ce, "Tsoho, bari mu ga yadda magani zai yi."

"Magani zai yi nasa. Ni abin da na gani, in na yi shiru wasan nan ya mutu. Ba wanda zai iya buga shi in ba na ɗakin." Ya tura mana takardun. "Daga yau ba ku san shi ba. Abin da ke nan kawai za ku bi."

Haka muka yi duk daminar. Mu zauna kamar baƙi, mu karanta, shi yana kujerar kusa da taga da cokali a hannu. Marlies ta samu abin da take nema tun da daɗewa. Ta ɗauki jirginta ta ajiye a wurin nawa. Holger ya buga cokali a kan kofi.

Ta ce, "Mene ne? Takarda ba ta hana ba."

"Kowane mai hankali ya san..."

"A'a, Rediyo, an kashe ka. Ni baƙuwa ce, daga Beljiyam na zo, ban ma san ka ba."

Gudrun ta yanko kek ta tura masa a baki, ko da yake a lokacin haɗiya ta fara yi masa wuya. Ya tauna a hankali yana hararar Marlies, sannan ya jawo takarda ya ƙara layi. Kowane mako takardar tana ƙara tsafta, shi yana ƙara ramewa. Katin guguwa yakan fito, hannun wani cikinmu ya tura wa na baya ƙugiya, mu ci gaba. Ba wanda ya tsaya a kai. Hannunmu ya saba, kamar yadda ake miƙa wa mutum gishiri.

Shirin tafiya bai tsaya ba, sai dai ya yi ta sauyawa. Da farko ya ce jirgin ƙasa kamar kullum, amma kujera kusa da ƙofa. Daga baya ya ce mota ta fi, ni zan tuƙa, mu riƙa tsayawa. Sai ya kira tsohuwar Mülheim ya tambaye ta ko ɗakin ƙasa yana nan, don matakala. Da murya ta ƙare gaba ɗaya, Gudrun ke yin kiran, shi yana nuna mata da hannu abin da za ta ce. An kawo keken marasa lafiya da tukunyar iskar numfashi, ya sa na auna bayan motata ya ga ko za su shiga tare da kwalin wasa. Na auna. Na ce za su shiga. Ya ɗaga mini babban yatsa.

Wata la'asar a ƙarshen Agusta, matan suna kicin, ya yafuto ni. Ya nuna kwalin, ya nuna ni. Sannan ya ɗauki hannuwana biyu, hannunsa ba nauyi kamar gashin tsuntsu, ya tura su ƙarƙashin cinyoyina. Ya sa yatsa a leɓensa.

Na ce, "Kai za ka zauna ka yi shirun da kanka. Ina so in ga wannan rana."

Ya girgiza kai. Ya sake sa yatsa a leɓe, bai sauke ba sai da na ce, "Na ji. Ko me suka yi, ba zan ce komai ba."

Ya rasu a Satumba, da safe, Gudrun tana riƙe da shi. Ban san yadda zan rubuta wannan wurin ba, don haka zan wuce.

Da Oktoba ta zo, Gudrun ce ta kira ni ta ce, "An biya tebur, tsohuwa tana jiranmu. In muka zauna a gida zai hana ni barci." Muka tafi mu uku a motata. Karon farko ke nan da akwati ya bar Wismar da kaya a ciki.

Teburinmu yana kusa da bango. Muka shimfiɗa allo, muka jera jirage, muka ajiye takarda a tsakiya, muka ja kujerunmu baya. Mutane suna ta wucewa da akwatunansu. Can sai wasu huɗu suka tsaya, mata da miji masu furfura da wasu samari biyu abokan juna. Matar ta ɗauki ƙugiya ta juya ta, ta ce, "Kai, wannan ƙarfe ne na gaske." Suka zauna. Mijinta ya miƙa hannu ya ɗauki rawaya. Na ji Gudrun ta ja numfashi.

Sun karanta, sun fara, ba su yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Duk ramin da Marlies ta tona, Holger ya cike shi. Har na fara sakin jiki. Sai katin guguwa ya fito. Kowa ya yi asararsa, ƙugiya ta wuce hannun hagu kamar yadda takarda ta ce, suka ci gaba. Hannuna ya motsa da kansa. Mai rawaya shi ne a baya, jirginsa kusan ba kaya, ba wanda ya tura masa komai.

A nan na gane. Holger bai rubuta ba. Bai taɓa ɗaukar abin a matsayin doka ba, a wurinsa hali ne kawai, yadda ake yi wa wanda ya zauna a teburinka. Mu kuma da muke ta wasan baƙunta duk damina, mun saba da shi har ba ma ganinsa.

Guguwa ta sake fitowa. Mutumin ya ƙara nisa a baya. Ya daina dariya, ya jingina, ya fara kallon teburin maƙwabta. Magana ce kaɗan, in na faɗe ta wasan ya dawo da rai. Na buɗe baki. Marlies, wadda ban taɓa ganin ta bi doka don Allah ba, ta taka mini ƙafa da ƙarfi. Ta ce a hankali, ba ta kalle ni ba, "Kore, hannu a ƙarƙashi." Na mayar da hannuwana inda Holger ya sa su. Idanuna suka cika, na bar su.

Suka gama. Mai rawaya ya miƙe ya gyara rigarsa. Ya tambaya ko cikinmu akwai mai wasan. Gudrun ta ce na mijinta ne, bai samu zuwa ba.

Ya ce, "Ki gaya masa wasa ne mai kyau, an yi shi da hankali. Amma ba shi da tausayi. In ka faɗi baya, shi ke nan, sai ka zauna kana kallon mutane."

Gudrun ta yi masa godiya. Da suka tafi ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce, "Holger ba shi da tausayi. Kun ji fa." Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Sannan ta ciro biro a jakarta, ta rubuta a ƙasan wurin guguwa, da rubutunta mai zagaye kusa da nasa mai tsini, cewa ƙugiya tana zuwa ga wanda yake baya.

Marlies ta leƙa ta ce, "Saura 'kada ka yi mana kuka.'"

"Wannan ba doka ba ce."

"Rubuta dai."

Ta rubuta.

Bayan azahar wasu mata uku da wani dattijo suka zauna. Da guguwa ta fito, ɗaya ta bi layin da yatsa, ta karanta shi da ƙarfi, ta tura wa dattijon ƙugiya ta ce, "Ungo, kada ka yi mana kuka." Teburin ya fashe da dariya. Dattijon bai ci wasan ba, amma ya zo kusa, har ya buga tebur a zagayen ƙarshe. Suka ce za su sake. Ba su tambaye mu komai ba, ba su ma lura muna wurin ba. Mu uku muna zaune a jikin bango, bakinmu a rufe, muna kallon mutanen da ba su taɓa jin muryarsa ba suna faɗin maganarsa.

Ba wani kamfani da ya sayi wasan, ba mu ma nema ba. Da za su tafi ne ɗaya daga cikin matan ta gano mu, ta nemi izinin ɗaukar hoton allon da takardar, ta ce mijinta kafinta ne, za su yi nasu a gida. Gudrun ta ce ta ɗauka.

Har yanzu muna haɗuwa ranar Lahadi. Wata maƙwabciyar Gudrun ce ta huɗu. Ran da ta fara zuwa, ta duba jiragen da suka rage ta ga ɗaya ne, ta tsaya ba ta taɓa ba. Gudrun ta ɗauki rawaya ta sa mata a hannu, ta miƙa mata takardar ta ce ta karanta da kanta. Muka zuba kofi, muka jira ta.