Ɗorawoyin da ba su cikin taswirata

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a, aka tura ni koyon aiki a wani ƙaramin ofishin safiyo a nan Jalingo. Ban daɗe da gama kwas a kan mulkin mallaka ba, kaina cike da shi. Har a gida nake damun mahaifiyata da labarin yadda Turawa suka auna ƙasar mutane, duk inda ba su ga gini ko shuka ba suka rubuta babu kowa. Ita dai sai ta ce, “To Malama, tashi ki ɗora tukunya.”

Wata rana ogana ya aike ni bayan Iware in zano wani fili da za a share a gina rumbun hatsi. Na duba, ciyawa ce da bishiyoyi jefi-jefi. Na rubuta: fili ne, ba mai amfani da shi.

Wata tsohuwa mai tsintar itace ta matso, ta yi mini magana da irin Hausarsu ta can. “Yarinya, mene ka rubuta?” Na karanta mata. Ta yi dariya har da dafa kafaɗata, sannan ta ja ni wajen bishiyoyin.

“Wannan ɗorawa na mamana ne, ya bar mini. Wancan na matan ƙanina. Mai karkace ɗin nan, mijin mai shi ya rasu, da shi matan yake ciyar da yara huɗu.”

Ashe a wurinsu ƙasa daban, bishiya daban. Gona takan huta shekaru, amma kowace ɗorawa da matar da ke kaɗe ta, ta fitar da kalwa ta yi daddawa. Sha ɗaya muka ƙirga. Da takardata ta wuce haka, katafila ce za ta kwashe su duka.

Na ji kamar in nutse. Abin da na cika takardar jarrabawa ina sukar Bature a kansa, shi na yi da birona.

Na sake zanen, kowace bishiya da ɗigonta da mai ita. Ogana ya ɓata rai. “Awo aka aike ki ko ƙidayar itatuwa?” Amma ya kai wa masu ginin, suka matsar da rumbun bakin hanya. Duk da haka biyu sun tafi, ɗaya ta tsohuwar ce. Tara suna nan, har da mai karkacen.

Ina gode wa malamaina da suka ba ni kalmomin, amma ido, tsohuwar nan ce ta ba ni. Har yau duk shekara daddawa kan zo mini daga can, ƙunshe cikin ganye. Mahaifiyata in ta jefa a miya sai ta ɗago ta ce, “Malama, zo ki ji ƙamshin filin da ba kowa.”