Jiminar da Aka Huda wa Ciki

Ko na manta da komai a zamana na Gyadi-Gyadi, ba zan manta da ranar da aka buɗe famfon jimina ba. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne, bayan an daɗe ana jira, lokacin da kowane bango a Tarauni ya sha fastocin 'yan takara har ba a ganin fentinsa.

A wata 'yar mahaɗar titi kusa da shagona akwai wani kwarmin siminti, a tsakiyarsa an tsayar da mutum-mutumin jimina. Tun zamanin farar hula na baya aka gina ta. A wancan lokacin ruwa yana tsartuwa daga bakinta ya yi sama, sannan ya zubo cikin kwarmin, mutane har daga Unguwa Uku suke zuwa kallo da yamma. Daga baya ruwan ya ƙafe, sannan wata tifa da birki ya ƙwace mata ta fille wa jiminar kai. Dattawanmu ba su yi baƙin ciki ba. Cewa suka yi ai yanzu ta halatta, tunda sura in babu kai ba sura ba ce. Awaki kuma suka mayar da kwarmin wurin kwana.

To, sabon kansilanmu, wanda a da mai shagon magani ne, ya yi alkawari a wajen yaƙin neman zaɓe cewa zai dawo wa jimina da kanta da ruwanta. Da ya ci, ya sa aka haƙa rijiyar burtsatse a gefe, aikin kai kuma ya kawo wa abokina magini, wanda muke ɗaukar karatu tare a zauren Malam tsakanin magariba da lisha.

Nan gizo yake saƙar. Shekarun baya maginin nan ya taɓa faɗowa daga kan gini ya karye a cinya. Mai shagon maganin nan ne ya sa shi a mota ya kai shi wajen maɗori, ya kuma riƙe masa gida da abinci har ya miƙe. Mutum irin wannan ba a ce masa a'a. Amma kuma abokina ya sha ji a karatu cewa wanda ya ƙera surar abu mai rai, ranar gobe za a ce ya hura masa rai.

Ya same ni a shago fuskar nan kamar an yi masa rasuwa. Ya ce, "Ni da ko tayar acaɓa ba na iya hurawa, ina ni ina hura wa jimina rai?"

Na ce, "To ka faɗa wa Honarabul gaskiya mana."

Ya ce, "Da wane bakin? Da wanda na ci tuwonsa?"

Muka rankaya wajen Malam. Ya saurara a natse, sannan ya ce malamai sun yi sassauci idan surar ta rasa wani abu da mai rai ba zai rayu ba sai da shi, kamar a ce babu kai, ko kuwa cikin a huje yake.

Abokina ya gyara zama. "Allah gafarta Malam, wato in na sa kai, na huda ciki, shi ke nan?"

Malam ya ce, "Ka taɓa ganin jimina tana yawo da rami a ciki?"

Ranar abokina har da saya mana shayi. Ya ƙera kai mai kyau, da ido da baki, ya ɗora a kan dogon wuyan nan, ya shafe da fenti. Da ya gama sai ya ɗauki guduma da ƙusar fasa siminti, ya yi bisimilla, ya huda mata ƙirji daga ƙasa, rami kamar bakin kofi. Abin da bai sani ba, tsohon bututun da yake kai ruwa baki ta nan ya bi, kuma ƙusar ta same shi. Ba a gane ba, domin duk makon ba a kawo wuta ba balle a gwada injin rijiyar.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka ɗauko hayar janareta. Babban baƙo ya zo cikin babbar riga fara sol wadda ta sha sitaci, ya tsaya daidai gaban jiminar ya yi jawabi da Turanci. Ni da allo da ajami kaɗai na yi, ban tsinci komai ba, in an tafa in tafa. Da ya gama, Kansila ya ɗaga hannu aka kunna inji. Kowa ya ɗaga kai yana kallon bakin jimina. Muka ji ƙugi a cikinta kamar mai jin yunwa. Bakin ko ɗigo bai yi ba. Sai ga ruwa ya ɓalle ta ramin ƙirji, jawur da tsatsar shekara da shekaru, ya nufi babban baƙo kamar da gayya. Hularsa ta yi gefe, rigar ta manne masa a jiki. Wani ɗan acaɓa ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, romon dimokuraɗiyya ne, buɗe baki!" Allah ya yafe mini, na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na waiga, abokina ya sulale.

Kwana biyu bai fito ba. Ya ce mini in Kansila ya ce a toshe ramin, ya shiga uku: ya toshe ya saɓa wa Allah, ya ƙi ya zama butulu. Da safiyar rana ta uku sai ga Kansila a shagona, ya ce in raka shi gidan maginin. Hanyarmu ta bi ta mahaɗar, sai muka tarar da layi. Famfunan unguwa sun daɗe a bushe, ga shi an kawo wuta, ruwan jimina ya wanke ya zama garai-garai, ramin kuma daidai tsayin jarka. Mata da 'yan garuwa sun cika wurin. Wata tsohuwa ta hango shi ta ce, "Honarabul, Allah ya yi maka albarka! Na dā sun yi wa sama famfo, kai ka yi wa mutane."

Kansila ya amsa da amin, kamar dama haka ya tsara. Da muka isa, abokina ya fito, ya fara, "Honarabul, wallahi ban..."

Kansila ya katse shi. "Baba, kada ka kuskura ka taɓa ramin nan. Ni na kai ka wajen maɗori, kai kuma ka ɗora mini siyasata. Daga yau ba na binka komai."

Abokina ya fashe da kuka, mu kuma muka fashe da dariya.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ƙi saɓa wa Ubangijinsa, ya kuma ƙi butulce wa wanda ya yi masa alheri, Allah ba ya barinsa ya kunyata. Sai dai in ka tambayi Malam hukunci, ka kuma tambayi mai gyaran famfo inda bututu ya bi kafin ka ɗaga guduma.